Beben Talabijin a Rogo

Da hantsin Litinin Sulle mai gadi ya shiga share gidan kallon ƙwallo na Alhaji Ɗanmaliki da ke bakin tashar Karaye, sai ya tarar da kabad ɗin ƙarfe a wangale, kwaɗonsa yana lilo a jikin sarƙa. Ba fasa shi aka yi ba, buɗe shi aka yi. Wayoyi sun zazzago ƙasa kamar hanjin kaza. Sulle ya yar da tsintsiya ya fita a guje yana salati.

Kafin rana ta take, Sufeto Abdulmumini na ofishin 'yan sandan garin ya iso. Dogo ne marar jiki, ba ya ɗaga murya, kuma yana da ɗabi'ar kallon ƙasa idan ana yi masa bayani, har mutum ya ɗauka ba ya saurare. Ya zaga gidan. Babban allo na zauren benci yana nan cikin kejinsa. Na ɗakin manya, inda ake zama a kujerun roba, yana nan. Ƙaramin talabijin na rumfar mai shayi yana nan. Dikoda ma tana nan, har da katinta.

"To me aka sata, Alhaji?"

Alhaji Ɗanmaliki, wanda gumi ya jiƙa masa wuyan riga, ya nuna cikin kabad. "Akwatuna, Yallaɓai. Uwa ɗaya, 'ya'ya uku, da mahaɗarsu. Uwar tana nan kusa da dikoda, ita ke ɗaukar wasa ta tura ta waya. Kowane allo da ɗansa a manne a baya yana karɓa. Ka ga kati ɗaya nake saye, allo uku ke kallo. Ƙanana ne, ba su fi sabulun wanki biyu ba, amma wallahi sun fi allon nan daraja."

"Wa ya san haka?"

"Wanda ya kafa su mana. Yusha'u."

"Wa ke da makulli?"

"Ni, da Sabi'u ƙanin maiɗakina da ke kula da ƙofa, da shi Yusha'un."

Sufeto ya fara da Sulle. Tsohon ya rantse bai bar wajen ba sai da ya tafi sallar asuba, ya kuma ƙara da cewa shaguna biyar yake gadi a jere, ido biyu Allah ya ba shi.

"Baba, ka san akwatunan da ake magana?"

"Masu 'yar fitilar nan kore? Ai na ɗauka abin cajin waya ne. Har na taɓa neman ramin da zan soka tawa, ban samu ba."

Sufeto ya sallame shi. Ɓarawon da ya tsallake allo ya ɗauki sabulu, ya san abin da yake yi.

Na biyu shi ne mai shayin rumfa. Da aka tambayi sunansa sai ya yi ajiyar zuciya.

"Barau, ranka ya daɗe. Kar ka yi dariya, kakata ce ta laƙaba min don mutuwa ta raina ni ta wuce. Tun ina firamare duk bironka da ya ɓata, ni ake caje wa aljihu."

"Ba ka da makulli, amma akwati ɗaya a rumfarka yake."

"A cikin keji yake, kwaɗo iri ɗaya da na kabad. Kuma ni me zan yi da shi? Talabijin ɗin da yake ba wa hoto ma bebe ne. Tun da Yusha'u ya yi wani gyara bara, ko tari bai ƙara yi ba. Ta taga muke jin sharhi daga zaure."

Sabi'u ya iso a kan babur, takalmansa duk jar ƙasa, ya durƙusa ya gai da Alhaji, ya gai da Sufeto, ya tambayi iyali da aiki da gajiya, bai bar ko ɗaya ba. Ya ce a ƙauyensu Turawa ya kwana, ana cirar gyaɗa a gonar babansa, kowa ya gan shi. Ya ciro makullinsa daga aljihu ya ajiye a kan benci.

"Yaya Alhaji, ni dai ina roƙon arziki, kar a yi wa Yusha'u gaggawa. Yaron kirki ne. Ko da shaiɗan ya ja shi, a bi a hankali."

Wannan ceton ya fi duka ciwo. Alhaji ya buga ƙafa ya ce a kama Yusha'u.

Yusha'u matashi ne da ya yi karatun lantarki a Kano ya dawo gida ya buɗe shago. Ya kwana a ofishin 'yan sanda, washegari mahaifinsa ya tsaya masa aka ba da beli. An caje shagon da ɗakinsa, ba a samu komai ba. Amma magana ta riga ta fita. Kwamitin masallacin Juma'a, da suka ba shi aikin kai hoton tafsiri zuwa sashen mata kafin azumi, suka aiko a ce ya dakata tukuna. Masu kawo gyara suka fara zuwa karɓar kayansu ba a gyara ba. Alhaji kuma kullum sai ya leƙo ofis yana tambayar ranar da za a kai kotu.

Sufeto bai gamsu ba. Ya bincika maganar kwanan Sabi'u a ƙauyen Turawa: an ga Sabi'u a gona da yamma, an gan shi da safe. Tsakanin nan kuwa, babur ba ya barin sawu a kwalta. Amma zato ba hujja ba ne.

Ranar Alhamis da safe ya zauna a rumfar Barau yana shan shayi. Wani direban motar gyaɗa, mai ƙaton ciki da babbar murya, yana ba da labarin wasan daren jiya.

"Ku kuna nan kuna cunkuso a allo ɗaya, ni a Rogo na kalla. An buɗe sabon waje a hanyar Zoza, rumfa biyu, allo biyu, garau kamar ka miƙa hannu ka taɓa ɗan wasa. Kuma da Hausa ake sharhi!"

"Da Hausa?" in ji Barau. "Turawan ne suka koyi Hausa?"

"Ina! Rediyo suka ɗora a kan kujera. Allon ba ya magana. Abin dariyar, sai an jefa ƙwallo a raga, mun yi ihu, mun rungumi juna, mun zauna, sannan mai sharhi zai farka ya ce, ta shigaaa! Kamar wanda ya zo ta'aziyya bayan sadakar arba'in."

Aka bushe da dariya. Sufeto bai yi ba. Ya ɗaga kai ya kalli ƙaramin talabijin da ke rataye a rumfar, ya ajiye kofin da sauran shayi, ya miƙe.

Ya sami Yusha'u a shago shi kaɗai, yana kaɗa ƙuda.

"Me ya sa talabijin ɗin Barau ya zama bebe?"

Yusha'u ya yi mamakin tambayar. "Gaisuwa ce, Yallaɓai."

"Yi min bayani kamar ni Baba Sulle ne."

"To. Duk lokacin da aka haɗa na'ura da allo, ba ta fara turo hoto sai sun gaisa. Ta ce, wane ne kai? Wane girman hoto kake iya ɗauka? Wace irin murya kake ji? Allon ya ba ta amsa, sai ta auna masa daidai cikinsa. In allo ɗaya ne, babu matsala. Amma a gidan Alhaji uku ne, kowa da ƙarfinsa. Duk sanda Barau ya kunna nasa, sai uwar ta tsaya a sake gaisawa daga farko. Allon zaure ya yi baƙi, ya dawo, wani lokaci ya dawo da hoto dishi-dishi irin na ƙaramin. Ranar da hakan ta faru ana bugun fanareti, sai da aka karya benci."

"Sai ka yi yaya?"

"Sai na sa ta haddace amsa ɗaya, ta babban allo da amfilifayarsa, na kulle. Yanzu ba ta sauraron kowa. Ka san mutumin da zai ce maka ina kwana, kafin ka buɗe baki ya ce lafiya lau madalla ya wuce? Haka ta zama. Hoton, 'ya'yan suna iya rage shi daidai kowane allo. Murya kuwa yadda ta fito haka suke miƙa ta, irin ta lasifika shida ce. Zaure da ɗakin manya suna da amfilifayar da ke fahimtar ta. Ƙaramin talabijin irin na Barau ba ya gane yaren, sai ya yi shiru."

"Idan aka kai akwatunan wani gari, aka haɗa da allo marar amfilifaya?"

"Hoto zai fito tas. Murya babu."

"Kai da za ka gyara?"

"Kafin shayi ya huce. Buɗe kullin kawai zan yi su sake gaisawa."

Sufeto ya kalli ƙasa na ɗan lokaci. Mutumin da ya san wannan ba zai ɗora rediyo a kan kujera ba.

"Tun da abin nan ya faru, akwai wanda ya tambaye ka maganin talabijin mai hoto babu murya?"

Yusha'u ya buɗe baki zai ce a'a, sai ya tsaya. "Sabi'u ya zo min jaje shekaranjiya, har da lemo. Da zai tafi ya ce wai na wani abokinsa ne ya yi haka. Na ce ya kawo in duba. Ya ce abokin yana nesa." Ya dafa tebur. "Yallaɓai, kana nufin…"

"Ban nufi komai ba tukuna. Akwatunan suna da wata alama da za ta nuna na Alhaji ne? Lambar jiki?"

"Takarda ce a manne, ana iya ɓare ta. Amma akwai abin da ba ya ɓaruwa. Da na kafa su, na raɗa wa uwar suna a cikinta. Akwai ɗan maɓalli a baya. In ka danne shi ka riƙe har fitilar ta koma ja, sai ta rubuta a kan kowane allo sunanta da sunan allon da ta haddace. Don masu gyara aka yi shi."

A karo na farko a makon, Sufeto ya yi murmushi.

"Kira Sabi'u. Ka ce ka tuna da matsalar abokinsa. Ka ce in ta irin akwatunan nan ake turo masa hoto, ya danne maɓallin baya har fitila ta yi ja, murya za ta dawo. Kar ka ƙara, kar ka rage. Kuma kar ka faɗa wa kowa, ko babanka."

Yusha'u ya kira. Sufeto yana jin muryar Sabi'u daga wayar tana zuba godiya: Allah ya saka, Allah ya wanke ka, Allah ya tona asirin azzalumai.

"Amin," in ji Yusha'u.

Ranar Asabar akwai babban wasa da la'asar. Sufeto ya sanar da takwaransa na Rogo, aka ba shi ɗan sanda ɗaya cikin farin kaya. Sufeto ya sa jamfa da hula, ya ɗauki Alhaji Ɗanmaliki a mota bai gaya masa inda za su ba. Alhaji yana ta ƙorafi tun daga Karaye har suka wuce gonakin dawa suka shiga Rogo: yau ranar ciniki ce, Sabi'u kuma ya ce zazzaɓi ya kwantar da shi, wa zai tsaya a ƙofa?

Sabon wajen na Hajiya Barira ne, mai sayar da abinci da ta yi suna da shinkafa da wake a hanyar Zoza. Rumfunan kwano biyu ne, fili a tsakani, waya shuɗiya ta ratsa sama daga wannan zuwa waccan. Dikoda da kayan aiki suna rumfar gaba. Sufeto ya ja Alhaji ta baya suka shiga ta biyu, suka zauna a bencin ƙarshe cikin manoma da 'yan acaɓa. A allo 'yan wasa suna ɗumama jiki, bakin masu sharhi yana motsi, babu abin da ke fita. Ga rediyo a kan kujera, an ɗaura masa eriya da waya.

"Yallaɓai, kallo ka kawo ni?" in ji Alhaji.

"Kallo na kawo ka. Sa ido a allo."

Ba a jima ba suka ji tsayuwar babur a gaba. Wata murya ta tashi tana gaisuwa, ina wuni Hajiya, ina gajiya, ya kasuwa, ya yara, ya jama'a. Alhaji ya juyo da sauri. Sufeto ya dafa gwiwarsa.

"Yau dai za a kashe rediyon nan, Hajiya," in ji muryar. "Na samo maganin."

Hoton ya ɗan girgiza. Sai wani baƙin zane ya sauko a saman allo, da farin rubutu manya-manya. Wani ɗan makaranta a bencin gaba ya karanta da ƙarfi, yana jan kowane harafi:

"Gidan kallon Ɗanmaliki, Karaye. Babban zaure."

Daga ɗaya rumfar aka ji wani ya ce, "Kai, Karaye kuma? Mu da muke Rogo?"

Alhaji ya miƙe har hularsa ta faɗi.

Suka tsallaka filin. Sabi'u yana durƙushe a bayan tebur, yatsansa har yanzu a kan maɓallin, yana danna shi yana sakewa, rubutun ya ƙi gushewa. Da ya ɗago ya ga wanda ke tsaye a kansa, sai bakinsa ya yi abin da ya saba.

"Yaya Alhaji… ina wuni?"

"Ya zazzaɓin?" in ji Alhaji.

Hajiya Barira ta fito daga wajen tukwane da ludayi a hannu. Da aka yi mata bayani sai ta dafe ƙirji. "Ni ya ce min daga Kano ya sayo su, ya kawo a matsayin nasa kason, ni rumfa da allo, shi na'ura. Na ce masa wane irin kaya ne sabo fil ba kwali ba murya? Ya ce wai sai sun saba da wajen. Sun saba da wajen, sai ka ce amarya!"

Sufeto ya sa aka kwance akwatunan. Uwa, mahaɗa, 'ya'ya biyu a jikin alluna, na ukun a cikin buhun shinkafa ƙarƙashin tebur. An kankare takardun lamba da reza.

A ofis, Sabi'u ya fara cewa saye ya yi a hannun wani baƙo. Sufeto ya bar shi ya gama, sannan ya jera masa.

"Ba a fasa kwaɗo ba, don haka mai makulli ne. Ku uku ne. Alhaji ba zai saci kayansa ya rufe kasuwarsa ba. Saura kai da Yusha'u. Wanda ya ɗauka ya san akwatunan sun fi allo tsada, wannan ku biyu duk kun sani, kai kana tsaye aka kafa su. Amma bai san an kulle musu gaisuwa ba. Da Yusha'u ne, da mutanen Rogo sun ji sharhi tun ranar farko, da kuma babu direban da zai kawo min labari Karaye. Sannan maganar maɓalli: ƙarya ce, ba ta dawo da murya. Mutum ɗaya tak aka faɗa wa ita a duniya, ina zaune aka faɗa. Abokin nan naka da ke nesa, Sabi'u, ashe a cikin rigarka yake."

Sabi'u ya sunkuyar da kai. Da ya yi magana, ba Sufeto ya kalla ba.

"Tun ina saurayi nake tsaye a ƙofarka ina yaga tikiti, Yaya. Na ce ka buɗe min reshe, ka ce in bari in girma. Ga furfura ta fara fito min."

"Sai ka ce min in kama ɗan mutane?" in ji Alhaji.

"Ni ban ce ba. Cewa na yi a bi a hankali."

"Na ji ka da kunnena," in ji Sufeto. "A ranar na fara zarginka. Ba wanda ya ce ya yi, kai har ka fara nema masa sassauci."

Aka shiga da shi ciki.

Washegari da hantsi Alhaji Ɗanmaliki ya tafi shagon Yusha'u da ƙafarsa, ya bi ta tsakiyar kasuwa don kowa ya gani, Sufeto yana biye da kwalin akwatunan. Shugaban kwamitin masallaci ya riga su zuwa, yana zaune a benci yana tambayar yawan wayar da za ta isa sashen mata, kamar ba shi ya aiko a dakata ba.

Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula. "Yusha'u, ina kwana? Lafiya lau ko? To madalla. Dama cewa na yi ka zo ka mayar da…"

"Alhaji," in ji Sufeto a hankali, "ka tambaye shi, ba ka jira amsa ba."

Alhaji ya daina murza hular. Ya cire takalmi, ya shiga, ya zauna a kan wata tsohuwar lasifika.

"Yusha'u, ya ka kwana?"

Yusha'u ya ajiye abin da ke hannunsa, ya dube shi ido cikin ido.

"Tun da ka tambaya, Alhaji, gyara zama. Amsar tana da tsawo."